Gwauruwar Dutsen Falale

A bayan garin Gindin Falale akwai wani dutse da yake magana sau ɗaya a shekara. Ranar da itacen da ke tsaye a kansa ya buɗe sababbin ganye, da hantsi, sai a ji wata murya mai kauri daga ƙarƙashi tana tambaya, "Ya ke Ige, kin amsa laifinki?" Sai muryar mace ta amsa, ba rawa ba gargada, "Ban yi laifi ba." Daga nan dutsen ya yi shiru sai baɗi. Shekara hamsin ana wannan tambaya ana ba da wannan amsa, har mutanen gari suka saba, masu kiwo ma ba sa ɗaga kai. Mutum ɗaya ce ba ta saba ba, wato Ayashe, domin mai amsawar uwarta ce.

Shi itacen, baƙo in ya gan shi sai ya ce dabino ne da ya ƙi girma. To, ba dabino ba ne, ba giginya ba, ba ma danginsu ba. Mu dai dabinon dutse muke ce masa don ba mu da wani sunan. Kututturensa gajere ne mai kauri, lulluɓe da guntayen tsofaffin ganyen da suka faɗi. Ganyensa dogaye ne masu tauri, da ƙaya a gefe. Ba ya fure ko kaɗan. Sau ɗaya a shekara yake fitar da zagayen ganye, su fito da laushi da gashi-gashi, sannan su miƙe su ƙeƙashe, kuma a shekara goma da ƙyar ya ƙara tsawon yatsa. Akwai namiji, akwai mace. Macen tana fitar da wani curi a tsakiyarta mai kama da abarba, cike da 'ya'ya ja wur masu kyan gani, amma guba ce tsantsa. Namijin kuwa siririyar zangarniya yake fitarwa, ba 'ya'ya, sai wani gari rawaya da wari mai hawa kai. Wannan bambanci yanzu kowa ya san shi a garinmu. A zamanin Ige ba wanda ya sani.

A da su takwas ne a kan dutsen. Sai aka yi wata shekara ta yunwa, rumbuna suka zama fayau, yara suka daina kuka don ba ƙarfin yi. Ige ta tuna abin da kakarta ta gaya mata, cewa ɓargon cikin kututturen nan yana ba da gasara, in an daka shi an jiƙa kwana bakwai ana sauya ruwa safe da yamma har gubar ta fita. Ta hau dutsen da gatari, ta dubi itatuwan, ta ce bakwai ɗin nan ai ba sa haihuwa, a bar mai haihuwar. Ta sare su ɗaya bayan ɗaya, ta daka, ta jiƙa, ta tace, ta dama koko. Yara talatin da ɗaya suka sha suka rayu. Ubana yana cikinsu, saboda haka kada mai karatu ya sa ran zan yi adalci a labarin nan.

Ranar da aka kwashe tukunya ta ƙarshe, rana tsaka, sai ga waɗansu dogayen mutane uku sun fito daga cikin dutsen, fatarsu kaushi-kaushi irin ta bayan itacen. Suka ce Sarki Daɗau, sarkin aljanun dabinon dutse, yana kiran wadda ta sare masa maza bakwai. Suka faɗa a gaban kowa cewa za ta dawo ranar da ta amsa ta yi laifi, ko kuma ranar da macen da ta rage ta haifi ɗan da ya tsira ya yi ganye. Ige ko hannu ba ta wanke ba. Ta dubi Ayashe, tana 'yar shekara tara, ta nuna mata itacen ta ce, "Ki kula da ita, kada ki bari komai ya taɓa ta. Yanzu zan dawo."

Ayashe ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, furfura ta cika mata kai, amma ba ta taɓa kwana uku ba ta hau dutsen ba. Ta yi wa itacen shinge. Duk shekarar da curin ya fito, in ta ga waɗansu 'yan ƙwari masu dogon baki suna kewaya shi, sai ta ɗebo toka ta barbaɗe shi tas, yadda muke yi wa wake a rumbu. In 'ya'yan suka zube ta tsince ta shuka, ba ɗaya da ya taɓa tsira. In ta zuba su a ruwa duk sai su taso sama, ga girma ga ja, ciki ba komai. Ta taɓa ɓalle toho daga gindin ta dasa, ya kama, ranar tambayar shekara ta tsaya a kan dutsen ta ce ga ɗa nan. Muryar ta amsa mata cewa toho ba ɗa ba ne, ita ce dai uwar ta miƙa ƙafa. Mutanen gari kuwa, da yake ba su rasa bakin tsiya ba, suka raɗa wa itacen suna Gwauruwa.

A shekara ta hamsin awakin Maigari Nomau uku suka ƙetare shingen, suka ci busassun 'ya'yan bara, suka mutu. Nomau ya aika a kira Ayashe. Ya ce mata ya yi haƙuri iya haƙuri, itacen da ba ya ciyarwa ba ya haihuwa sai kashe dabbobi ba shi da wurin zama a ƙasarsa, za a sare shi kafin curin bana ya nuna. Ayashe ta tuna masa cewa in aka sare Gwauruwa an rufe wa Ige hanya ɗaya daga cikin biyu, ɗayar kuwa ya san ba za ta bi ta ba. Nomau ya ce ai kalma ɗaya ce, ta faɗa ta huta mana, taurin kai ne kawai.

"Nomau," in ji ta, ta ajiye sarautar a gefe, "ni na riƙe maka ludayi kana lasa, don hannunka ba ya iya ɗauka. Kwana bakwai nake so."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya ba ta, albarkacin furfurarta, amma ranar ta bakwai da la'asar gatari zai hau dutsen.

Ba ta koma gida neman guzuri ba. Taɓaryarta ta ɗauka da majanyi, ta hau, ta tarar ɓawon curin ya fara buɗe baki, alamar kwanakinsa na ɗaukar ciki sun kama, kuma ba su da yawa. Ta ɗaga taɓarya ta kirɓa wa dutsen sau uku, ta ce shekara hamsin tana gaishe su da ladabi ba su buɗe ba, yau ga sallama ta daban. Dutsen ya tsage daga gindin itacen, ta yi bisimilla ta shiga.

Ta faɗa wata ƙasa da saiwoyi suke tsirowa sama maimakon ƙasa, curi-curi, sun cika ko'ina har ba a ganin gaba. Wani tsoho yana zaune a tsakiyarsu, gemunsa shi ma sama ya nufa. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, hanyoyi dubu ne a nan, kowace saiwa hanya ce. Ɗaya ce mai rai, sauran suna kai wa inda ba a dawowa. Zaɓi, ba kuwa a zaɓe sau biyu." Ayashe ta san irin saiwoyin nan, Gwauruwa tana da ƙananansu da ke leƙowa saman ƙasa, kuma ta sha karya su da fartanya bisa kuskure. Ta bi su tana ɓantarar bakin kowace da farce. Wannan fara, wannan ruwan ƙasa, wannan ruɓaɓɓiya, har ta kai ga wadda ke da kore a zagaye cikin naman. Ta ce wannan ce. Tsohon ya tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce ba kowa, shekara hamsin take shara a gindin 'yar'uwarsu. Ya janye ƙafa ta wuce.

Kwana guda tana bin saiwar, sai ta fito wani fili da wuta ke ci daga gabas har yamma, ba hayaƙi, ba toka. Wata mace ta taso daga cikin harshen wutar, doguwa, idanunta garwashi, ta ce ita ce Uwar Gobara, ba mai ƙetare ƙasarta sai ya ciyar da ita. Ayashe ta jefa mata taɓaryar, ta lashe nan take ta ce ba ta ƙoshi ba. Ayashe ta duba gefe ta ga tarin guntayen tsofaffin ganye irin waɗanda ke lulluɓe kututturen dabinon dutse. Sau huɗu ta ga gobarar daji ta bi ta kan Gwauruwa, ta cinye ganye ƙurmus, amma ba ta taɓa kai wa ga zuciyar ba saboda guntayen nan, bayan wata biyu ma sai ta fito da ganyen da ya fi na da. Ta tattara su ta jera a jikinta tun daga wuya har idon sawu, ta ɗaure da igiyar saiwa, ta ɓoye majanyin a ciki. Ta ce, "Ci ganyen, zuciyar ba taki ba ce." Ta kutsa. Wutar ta cinye ɗankwalinta da furfurarta duka, ta fita ɗaya gefen da kai tal, tana tari, tana tafiya.

Rana ta uku yunwa ta kama ta sosai. Sai ga wani gari mai inuwa, mutanensa kyawawa masu fara'a, suka tare ta da maraba, suka shimfiɗa tabarma, suka kawo ƙwarya cike da farin koko mai tururi da faifai na jajayen 'ya'ya. Har ta kai hannu. Sai ta tambaya kwana nawa gasarar ta yi a ruwa. Suka ce jiya aka daka, sabuwa ce gal, don girmama baƙuwa. Ta ture ƙwaryar. Babbansu ya ɓata fuska ya ce ƙin abincin mai gida cin mutunci ne a kowace ƙasa. Ta ce to kashe baƙo fa, a wace ƙasa ce ladabi? Ta ce ita 'yar Ige ce, a gidansu sai ruwa ya sauya sau goma sha huɗu kafin ludayi ya shiga. Da suka ji sunan Ige sai fara'ar ta zube, garin ya narke, ta ga kanta a bakin wata ƙofa ta dutse.

Bayan ƙofar nan birnin Sarki Daɗau yake. Ba gini ko ɗaya, dabinon dutse ne dubbai, waɗansu sun kai tsawon rimi, waɗansu sun tsufa har sun kwanta a ƙasa suna ci gaba da girma a kwance. Ba fure, ba ciyawa, ba kukan tsuntsu. Aljanu suna zaune a tsakiyar ganyen kowane, suna bin ta da ido. A ƙarshen hanya ga sarkin, fuskarsa duk tsagu, in zai ɗaga hannu sai ka ƙosa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai gajeren kwana, mun ji bugun taɓaryarki. Mun riga fure zuwa duniya, mun riga ciyawa, kuma tun da aka kafa mu ba a taɓa yi mana sallama irin wannan ba. Faɗi buƙatarki."

Ta durƙusa, don ba a raina ta da rashin tarbiyya ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, uwata na zo ɗauka."

Ya yi nuni da wani kututture mai rami. Ayashe ta leƙa, ga Ige a kishingiɗe tana barci, matashiya kamar ranar da ta tafi, hannunta fari fat da gasara. Sarkin ya ce barcin itace take yi, sau ɗaya a shekara ake tashinta a tambaye ta, a wurinta kwana hamsin ke nan kacal. Ayashe ta daɗe tana kallonta. Ta yi kewar fuskar nan har ta manta kamanninta, yanzu ga ta, kuma ta girme ta da shekara talatin. Ta so ta taɓa ta, aka hana.

Sarkin ya ce, "Mun ga wahalarki, za mu sauƙaƙa. Faɗi a madadinta. Ce Ige ta yi laifi, yanzu ta farka ku tafi tare."

Gaskiya ta so ta faɗa. Bakinta har ya buɗe. Ga uwa a gabanta, ga gatari yana jira, ga kalma ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sai ta tuna da ludayin nan da hannuwan da ba sa iya ɗaukarsa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yara talatin da ɗaya suka sha kokon nan, na san sunan kowane. In na ce ta yi laifi, na ce ke nan da sun mutu ya fi. Ba zan faɗa ba."

"Maza bakwai ta sare. Ƙaraminsu ya shekara ɗari huɗu."

"Asara ce, na yarda, ni ma na yi baƙin cikinta. Amma asara daban, laifi daban. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗi tawa. Kun ɗaure mu da sharaɗin da ba ya cikuwa. Kun san mazan sun ƙare, kuka ce mace ita kaɗai ta haihu. Wannan ba shari'a ba ce, mugunta ce."

Sarkin bai yi fushi ba, ya dai ce a kira Madakin Ƙwari. Sai ga wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, bai fi ƙwayar dawa ba, ya sauka a kan gwiwar sarki. Ayashe ta gane irinsa tun kafin ya yi magana.

Ya ce, "Ya ke mai toka, mu ne 'yan aike tsakanin namiji da mace. Iska ba ta iya wannan aiki, ruwa ba ya iyawa. A cikin zangarniyar namiji ake haifarmu, mu fito da garinsa a jikinmu, mu bi ƙanshi har curin mace, mu shiga ta tsagar ɓawonsa. Duk shekarar da Gwauruwarki ta yi curi, sarki yakan tura mu daga nan, tafiyar kwana uku. Mukan isa da kaya a bayanmu, ke kuma ki tare mu da toka. Ba wanda ya taɓa dawowa cikin waɗanda aka tura."

Ayashe ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe ba sarki ne ya riƙe uwarta shekara hamsin ba, ita ce, da hannunta, da ƙwazonta, da 'yar ƙwaryar tokar da take alfahari da ita. Ta yi kuka mai ɗaci, ba ta ɓoye ba. Aljanun suka zuba ido su ga ko ta karye. Da ta gama ta share fuska da bakin zane ta miƙe.

Ta ce, "Wannan laifina ne. Na amsa, ba sai an tambaye ni sau hamsin ba. Madaki, na kashe muku dangi bisa jahilci, ku yafe mini. Amma kada wani ya ɗauka na Ige na amsa. Nawa na amsa."

Madakin ya ce sun ji, amma ba ƙwaron da zai sake tashi da fiffikensa zuwa dutsen nan. In tana so, ta ɗauke su da kanta, a cikin gidansu. Sarkin ya sa aka yanko zangarniyar namiji mai tsawon kamu guda, tana zubar da gari, ƙwari na shiga suna fita. Ya gargaɗe ta cewa kowace la'asar zangarniyar takan ɗauki zafi don ta kori ƙwarin su tafi aike, wannan kuwa ta birninsu ce, zafinta ba irin na duniya ba ne. Kada ta sauke ta, kada ta jiƙa ta, kada ta bar ƙwarin su watse a hanya, kada kuma ta kashe ko ɗaya. Ayashe ta sunkuya ta ɗora ta a baya, ta ja zane, ta ɗaure da majanyi tamau. Ta dubi Ige sau ɗaya, ta juya ba ta yi wa sarki sallama ba.

La'asar ta farko zangarniyar ta yi zafi kamar dutsen guga, wari ya cika mata hanci, ƙwarin suka rikice suna neman hanyar fita. Ta ƙara tamke majanyin. Suka bi ta wuyanta da hammatarta suna cizo, hannunta yana ƙaiƙayin ya kai mari, ta cusa hannuwan a ƙarƙashin haɓa ta ci gaba. Ta wuce wani rafi mai sanyi, ba ta ko dube shi sau biyu ba. La'asar ta biyu ta iske ta a bakin ƙasar wuta, bayanta ya riga ya saɓule. Uwar Gobara ta taso, ta shinshina, ta ce wadda ta goyo wuta da kanta ba ta bar mata abin ci ba, ta dare gida biyu ta ba ta hanya. Tsoho mai gemu sama ya kama mata hannu a wurin hawa.

Ta fito daga tsagar dutsen rana ta bakwai, la'asar sakaliya. Nomau yana tsaye da mutane, an riga an cire shingen, mai gatari yana tofa yawu a hannu. Suka ga tsohuwa ba gashi, zane a babbake, da goyo yana tururi. Ta durƙusa a gindin Gwauruwa ta kwance majanyin. Ƙwarin suka tashi duu, duk sun yi rawaya da gari, suka kewaya sau ɗaya, suka sauka a kan curin suna kutsawa ta tsagogin. Wata mata mai son taimako ta ce a kawo toka maza, ƙwari za su ɓata shi. Ayashe ta ce duk wanda ya kawo toka dutsen nan sai ta ciyar da shi ita. Sannan ta juya wa Nomau baya, don ya ga abin da ke wurin, ta ce in zai sara ya fara da nan. Nomau ya daɗe yana kallo. Ya karɓi gatarin daga hannun mai shi, ya ce a mayar da shingen, a ƙara masa ƙaya.

Daga nan sai jira, shi kuwa dabinon dutse ba ya sauri don kowa. Wata bakwai kafin curin ya wargaje. Ayashe ta tsince 'ya'yan tas, ta zuba a kwatarniya. Suka taso sama kamar kullum, ja wur, ta tsaya tana kallo. Da ta kwashe na saman sai ga uku kwance a ƙasan ruwan. Ta ɓare musu jan naman, ta wanke hannu sau uku, ta ajiye su a cikin yashi, don ɗan cikin bai gama haɗuwa ba sai ya ƙara watanni. Gafiya ta sace ɗaya. Ɗaya ya ruɓe. Na ukun ya fasa baki da damina, ya tura saiwa ƙasa, ya yi shiru har ta fara fid da rai. A tsakanin nan an yi tambayar nan ta shekara, Ige ta ba da amsarta, Ayashe ta ce daga sama, haka ne Inna, riƙe.

Wata safiya da hantsi ta hau ta tarar da ganye ɗaya tak, bai fi tsawon yatsa ba, mai laushi, da gashi-gashi. Ta aika a gaya wa gari. Kafin su gama hawowa dutsen ya tsage, Ige ta fito tana kare ido daga rana, hannunta fari da gasara. Ta ga tsohuwa zaune kusa da itacen, ta rusuna ta gaishe ta.

"Sannu, Iya. Don Allah yaran nan sun sha? Sun tashi?"

Ayashe ta nuna mata masu hawowa, Nomau a gaba da farin gemu, ubana a bayansa da jika a kafaɗa, da sauran waɗanda suka rage da 'ya'yansu. Ta ce, "Ga su nan." Ige ta dube su, ta dubi ɗan ganyen, ta dubi Gwauruwa da ta ƙara tsawo, sai ta fara ganewa. Muryarta ta yi ƙasa.

"Iya, na bar yarinya a nan. Ayashe. Na ce ta kula mini da itacen."

"Na kula, Inna. Kin ce kada in bari komai ya taɓa ta, ban bari ba. Shi ya sa kika daɗe."

Ige ta matso. Ta kama fuskar nan mai tamoji da hannu biyu, ta juya ta dama da hagu, ta shafa kan da gashi bai gama dawowa ba, gasara tana gogewa a kumatun. Ta rungume ta, sai Ayashe ta ɗan noƙe saboda bayan. Ige ta zame zanen ta duba. Ta ga tabon tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Wa ya ƙona mini 'ya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaure zanenta, ta fizgi sanda daga hannun Maigari, ta juya ta nufi tsagar tana kiran Daɗau da sunansa, ba ranka ya daɗe ba komai. Dutsen da ya saba ɗaukar lokacinsa a kan kowane abu, ranar nan kafin ta yi taku uku ya rufe ruf. Tun daga lokacin bai sake tambayar kowa komai ba.